GIDAN HAYATU DA HALIMA A DANDALIN ZAMANI

Duk wanda ya taɓa zama a ajin Hausa na makarantar sakandare a Arewa, ko da kuwa yanzu yana cinikin shanu a Agege ne, ko canjin kuɗi a Sabon Ibadan, ko kuwa aikin gwamnati a Fatakwal, da wuya a ce bai san Hayatu da Halima ba. Su ne miji da matar nan na cikin Uwar Gulma, watau littafin wasan kwaikwayon da Muhammadu Sada ya rubuta, kamfanin buga littattafai na Arewa da ke Zariya ya fito da shi a 1968. Hayatu mashayi ne mai yawon dare, Halima kuwa ita ce mai shan duka, har abin ya kai ga yaji, ya kai ga iyaye, daga ƙarshe magana ta dangana da gaban alƙali.

Labarin ke nan, ba wani abu ne mai tsawo ba. Amma fiye da shekara hamsin ke nan ana karanta shi, domin kuwa babu unguwar da ba ta da Hayatunta, babu kuma gidan da ba a taɓa mai da 'ya ɗakinta tana kuka ba. Saboda haka in ƙungiyar samari ko 'yan makaranta suka ce za su nuna irin wannan wasa a Jimeta, ba a rasa 'yan kallo. Matan aure sukan nemi izni su zo da ƙannensu, malaman makaranta su zo, har dattawan da suka karanta littafin tun suna sa gajeren wando sukan leƙo. Abin takaicin shi ne yadda da yawa daga cikinsu kan koma gida da sanyin gwiwa, ba don labarin ya tsufa ba, sai don abin da aka yi masa da sunan zamani.

YADDA AKAN YI

Takardar gayyata takan ce ƙarfe huɗu na yamma. Wanda ya san hali ba ya barin gida sai biyar ta gota, kuma ko a sa'an nan zai tarar ana ta gwada lasifika, ana jiran babban baƙo. In ya iso sai a shiga jawabai. Shugaban taro ya yi nasa, uban taro ya yi, uwar taro ta yi, sa'an nan sanƙira ya karanto sunayen waɗanda suka ba da gudummawa da abin da kowa ya bayar. Kafin a ɗaga labule an kira magariba. Wanda ya san zafin Yola a watan Maris da Afrilu, lokacin da ma'auni kan haura digiri 40, ya san abin da ake nufi da zaman sa'a biyu a ɗakin taro mai rufin kwano ana sauraron godiya.

To, an ɗaga labule. Abin da ido zai fara gani shi ne kujerun kushin uku, da teburin gilashi, da furen roba a kai. Wannan shi ne ɗakin Hayatu. In an sake ɗagawa, shi ne dai gidan iyayen Halima, an juya kujera ɗaya kurum. In an kai kotu, alƙali ma a kan kushin ɗin nan zai harɗe. Babu zaure, babu tsakar gida, babu turmi ko murhu ko igiyar shanya, babu ko 'yar butar alwala a gefen ƙofa da za ta gaya wa mai kallo cewa gidan mutane ya shigo.

Makirfo kuma sau da yawa biyu ne tsakanin mutum shida. Sai ka ga miji ya gama zagi, ya miƙa wa matarsa makirfo domin ta yi kuka, ta gama ta mayar masa ya ci gaba. A wurin da ya kamata hankalin kowa ya tashi, nan ne ɗaki kan ɓarke da dariya. Bugu da ƙari akan tsai da wasa a tsakiya a sa waƙar soyayya ta inji, irin ta finafinan Kano, miji da mata su yi ta zagaya kushin suna motsa baki, alhali kuwa minti biyar da suka wuce yana jibgarta. In aka tambayi masu shiryawa dalili, amsar ba ta wuce cewa haka mutanen yanzu ke so. Mutanen yanzun kuwa su ne ke kallon agogo.

Duk waɗannan ƙananan laifuffuka ne, kuɗi kaɗan da shiri mai kyau sa gyara su. Babban laifin yana wani wuri dabam.

INDA AKA KASHE WASAN

Mai karatu ya tuna yadda yaji yake a gidan mutunci. Yarinya ta iso da ƙunshin kayanta da sassafe, ko bayan isha'i don kada maƙwabta su gani. Ba ta tsayawa a zaure in ubanta na nan, sai ta durƙusa daga nesa ta gaishe shi, kanta a sunkuye, ta wuce ɗakin uwarta. Shi kuwa ya ga ƙunshin, ya ga idon da ya kumbura, ya san kome, amma ba zai ce kome ba. In 'yar fari ce ma ko sunanta ba zai kama ba. Sai can an jima ya leƙa ciki ya ce da matarsa, "Waccan fa, lafiya?" Ita kuma ta ce, "To, Malam, ga ta nan dai." An gama magana ke nan. Sauran aikin na goggo ne ko baffa, su za a aika wa, su za su ji ta bakin yarinya, su kuma za su karɓi masu biko.

Kazalika shi mijin in ya zo biko ba ya zuwa shi kaɗai, ba ya kuma haɗa ido da surukinsa. Takalminsa yana waje, shi yana gefen tabarma, abokin ubansa ko wani dattijon unguwa ne ke magana a madadinsa. Ita matar ko a gaban alƙali da ƙyar take iya furta sunan mijin da take ƙara, sai ta ce "shi", ko "maigidan". Dukan zafin al'amarin yana cikin abin da ba a faɗa ba, da wanda ya sunkuyar da kai, da wanda ya tashi ya bar wurin don kada a yi maganar a gabansa.

A dandalin zamani kuwa fa? Halima takan faɗo falon ubanta tana ihu, ta zauna kusa da shi a kujera ɗaya, ta zayyana masa abin da ya gudana tsakaninta da mijinta filla-filla. Uban ya miƙe yana buga ƙafa yana nuna ta da yatsa. Hayatu ya shigo da takalmi, su yi cacar baki da surukinsa ƙirji da ƙirji kamar direba da ɗan kamasho a tasha. Kowa na ihu tun daga farko, saboda haka in an zo wurin da ya kamata a ɗaga murya babu sauran inda za a ɗaga ta.

A ko'ina aka yi haka a ƙasar Hausa an yi kuskure, amma a nan kuskuren ya fi fitowa fili. Yola gari ne da Modibbo Adama ya kafa a 1841, kuma har yanzu abin da Fulani ke kira pulaaku shi ne ma'aunin ɗan mutunci a cikinsa. Biyu daga cikin ginshiƙansa su ne semteende, watau kunya, da munyal, watau haƙuri da danne abin da ke zuci. Su kansu kalmomin nan na goggo da baffa da kawu da ake ji a bakin kowane Bahaushe, daga Fulatanci aka aro su. Matar da ta hau Keke Napep tun daga cikin Yola ta zo Jimeta kallo, wadda ta girma ba ta taɓa jin uwarta ta kira sunan ubanta ba, in ta ga 'ya ta dafa kafaɗar uba tana ba shi labarin ɗakinta, ba za ta ce an yi sabon salo ba. Cewa za ta yi waɗannan ba su san gida ba. Daga nan kuma ta daina yarda da duk abin da ya biyo baya, ko da kuwa gaskiya ne.

Wani zai ce ai zamani ya sake, akwai gidajen da ake zama a falo ɗaya a Karewa da Dougirei, 'ya ta yi hira da ubanta ba wani abu. Gaskiya ne akwai. Wanda ke son nuna irin wannan gida sai ya rubuta masa nasa wasan, kuma zai sami masu kallo, don su ma suna da nasu rigingimun. Amma ba a ɗauko maganar da aka ɗinka wa zaure a zuba ta a falo. Tufar wani ce, duk yadda aka ja ta ba za ta zauna ba.

HAUSAR KASUWA DA HAUSAR LITTAFI

Akwai kuma batun harshe. Jimeta gari ne na kasuwa da ma'aikata a bakin kogin Binuwai, wanda ya ƙara cika tun da aka mai da Yola hedkwatar Jihar Gongola a 1976, kafin a raba jihar a fitar da Adamawa a 1991. Bafulatani da Bata da Bachama da Kilba da Margi da Chamba da Bahaushe da Ibo duk da Hausa suke ciniki. Hausa ce mai sauƙi, mai saurin kai saƙo, ba ruwanta da yawan karin magana. Su kuwa marubutan wasannin nan, musamman Shu'aibu Maƙarfi mai Zamanin Nan Namu na 1959 da Jatau Na Kyallu na 1960, da habaici da zaurance da gugar zana suka gina wasanninsu. Kishiya ba ta zagin kishiya kai tsaye, da kaza take yi ko da yaron da ke wucewa.

Ɗan wasan da bai saba da irin wannan magana ba, ɗayan biyu yake yi. Ko dai ya haddace ta ya zubo kamar mai biya allo, ba tare da ya san inda ƙayar take ba, ko kuwa ya yar da littafin gaba ɗaya ya shiga faɗin abin da ya zo bakinsa don a yi dariya. Na biyun ya fi yawa. Daga nan ne ake samun mutum guda da ba ya cikin labarin, an sa masa malafa da sanda yana kwaikwayon Hausar Bafulatanin daji, ko an ɗaura masa zane yana Hausar Inyamuri. A garin Lamiɗo, inda rabin masu kallo da Fulatanci suka yi sallama da gida kafin su fito! Marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, ya shekara da shekaru yana Hausar barikin soja a wasan Samanja, amma shi tsohon soja ne, ya san masu yin ta, kuma dariyar da yake sawa a yi ba ta raini ba ce.

TUSHEN ABIN

Ba za a ɗora wa samarin nan laifi duka ba, don ciwon ya girme su. Mazauna Ikko da Ibadan sun fi kowa sanin yadda Yarabawa suka yi da nasu wasan. Tun daga tsakiyar shekarun 1940 Hubert Ogunde ya kafa ƙungiyar da ba ta da wata sana'a sai wasa, yana loda mutanensa da kayansa a mota gari gari, har Arewa yana zuwa. Duro Ladipo da Baba Sala duk haka suka yi. Abincinsu yana ga kuɗin ƙofa. In wasa bai yi daɗi yau ba, gobe ba mai sayen tikiti, sai a kwana da yunwa. Wannan ne ya koya musu fara wasa a kan lokaci, da sanin inda mai kallo ke gajiya.

Rubutaccen wasan Hausa kuwa ba a bakin ƙofa ya tashi ba. A makaranta ya tashi da gidan rediyo. Wasan Marafa na Abubakar Tunau don koyar da tsabta aka yi shi. Wasannin Maƙarfi a rediyon Kaduna aka fara jin su kafin su zama littafi, watau don kunne aka yi su tun asali, shi ya sa ƙarfinsu ke cikin magana. Daga baya talabijin ta ɗauka, aka sami su Samanja da Karkuzu da Kasimu Yero. A duk waɗannan wurare hukuma ce ke biya, ko shugaban makaranta, ko wani mai hannu da shuni. Wanda ya biya kuwa shi ake faranta wa. Dalilin da ya sa har yanzu jawabin babban baƙo ya fi wasan kansa daraja ke nan.

Sa'an nan bidiyo ya zo. A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa a Kano ta fito da Turmin Danya a kaset, kuma cikin 'yan shekaru kaɗan ƙungiyoyin da suka ƙware a dandamali suka koma gaban kyamara, inda kuɗi yake. Yaron da ya tashi bayan wannan bai taɓa ganin gwanayen wasa a gabansa da rai ba, a allo ya san su. Don haka in ya hau dandamali fim yake ƙoƙarin yi ba tare da kyamara ba. A fim ana iya matso da fuskar mace har a ga hawaye ɗaya na gangarowa. A ɗakin taro wanda ke kujerar baya ba ya ganin hawaye, sai dai ya ga yadda aka durƙusa, da yadda aka ja mayafi, da tsawon shirun da aka yi. Wannan ilmi ne dabam, kuma masu koyar da shi sun yi ƙaranci.

BA A RASA ABIN KOYI BA

Abin mamaki shi ne ɗaya daga cikin waɗanda suka fi nuna yadda ake ɗaukar labarin Hausa da mutunci ɗan wannan jiha ne. Marigayi Adamu Halilu, mutumin Garkiɗa, shi ya shirya majigin Shaihu Umar a 1976, wanda Nijeriya ta nuna a bikin FESTAC na Ikko a 1977. Labarin na Abubakar Tafawa Ɓalewa ne, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan dandali, aka buga a 1975. In an duba da kyau shi ma labarin iyali ne, na uwa da ɗan da bauta ta raba, ta bi sawunsa har cikin hamada. Majigin ba ya gaggawa, ba ya ihu, mutane na zama a ƙasa kamar yadda ake zama, ana gaisuwa har a gama ta. Wanda ya gan shi a wancan lokaci bai manta ba.

Haka nan a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, a tsakiyar shekarun 1970, da aka tashi gina wurin wasan kwaikwayo ba a kwaikwayi na Ingila ba. Wani magini Ba'amurke, Steven Ehrlich, shi da maginan gargajiya suka yi shi da ƙasa, ɗakuna kewaye da fili a tsakiya, kamar dai gidan Bahaushe. Ɗan wasa ya fito daga wannan ɗaki ya shiga wancan, masu kallo na kusa da shi, ba ya bukatar makirfo. Wurin da za a yi irin wannan bai gagara ba a Yola, inda kowane babban gida ke da zaurensa, wanda Fulani ke kira jawleeru, kuma kowace makaranta ke da fili da inuwar dalbejiya. Da tabarma huɗu da zana biyu an raba zaure da cikin gida, kuma kuɗin hayar kushin da injin wuta sun huta.

Kai, ko 'yan matan da ke tashe da azumi sun isa malamai a nan. In suna wasan Mairama da Daudu, wata ta sa rigar maza ta zama miji, wata ta zama amarya, da 'yar ƙwarya da mafici kurum suke nuna yadda ake kai wa miji ruwa da yadda ake durƙusa masa. Ba wanda ya taɓa koya musu a aji. A tsakar gida suka gani, kuma matan gidan da suka shiga sukan bar abin da suke yi su tsaya kallo har a gama.

Dalilin da ya sa abin ya wuce maganar nishaɗi shi ne, aure da saki ba abin da ake tattaunawa a fili ba ne a ƙasar nan. Mace ba za ta tashi a taro ta ce mijinta na dukanta ba, uba kuma ba zai yarda a gaban mutane cewa kwaɗayi ne ya sa ya ba da 'yarsa ba. Su ma masu neman abinci a Kudu, waɗanda kan bar iyali a gida wata shida ko shekara sai dai aike, sun san irin maganganun da kan taru a bayansu, da waɗanda kan kai su. Wasan kwaikwayo na daga cikin 'yan wuraren da miji da mata da suruki za su zauna a ɗaki ɗaya a faɗi irin wannan magana a gabansu, kowa ya ji tasa ba tare da an kama sunansa ba. In aka mai da shi ihu da rawa, Hayatun da ke zaune a cikin 'yan kallo dariya zai yi tare da kowa ya tafi abinsa.

Mafi muni kuma shi ne abin da kan sami zaman kotu. Nan ne duk labarin ya nufa, nan ne za a tambayi kowa abin da ya yi, a kuma ji abin da shari'a ta ce game da haƙƙin mace da dukiyar aure. Amma da yake jawabai sun ci sa'a biyu, waƙoƙi sun ci rabin sa'a, kafin a kai nan tara ta wuce. Matan da aka ba izni zuwa isha'i sun tashi, na cikin Yola da Jambutu da Damilu suna waje suna neman abin hawa, babban baƙo ya daɗe da tafiya da mutanensa, mai injin wuta kuma ya aiko a ce mai ya kusa ƙarewa. Sai mai shirya wasa ya raɗa wa alƙali daga bayan labule cewa ya taƙaita. Alƙali ya raba auren a cikin minti uku, ba a ji ta bakin shaidu ba, yara kuma suna ta tattara kujerun haya tun bai rufe baki ba.